Mu 22 ne, gidan abincin kuma na mutanen Asiya: yaya zan yi kada in ji kunya?

"Assalamu alaikum. Ƙanina ya gama Makarantar Lauyoyi, za a rantsar da su a Abuja wata mai zuwa. Ni da Yayanmu muka ɗauki nauyin walima, shi kuma ya zaɓi wani gidan abinci da ke dafa na Sin da na Japan da na Tailan duk a wuri guda. Mu 22 ne, manya 17, yara 5. Akwai Baba mai hawan jini, da Goggo mai ciwon sukari, da matar Yaya mai juna biyu, da ɗana ɗan shekara 6 wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. Maigidana ma zai zo, kuma bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Na taɓa zuwa irin wurin da ƙawaye mu 9, wasu suka gama ci ba a kawo wa wasu nasu ba, kuɗin kuma ya wuce lissafinmu nesa. Baba ya riga ya ce shi ba zai ci abin da bai san da me aka dafa ba. In canza wuri ne, ko akwai dabara?" Daga wata baiwar Allah a Abuja.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya wa karatun lauyanku albarka, ya sa a amfana. Kada ki yi saurin canza wuri. Ranar tasa ce, shi ya zaɓa, kuma girkin waɗannan ƙasashe ya dace da taro, domin asalinsa ma na tarayya ne: a jera kwanuka a tsakiya, kowa ya ɗiba ya haɗa da shinkafarsa. Abin da ya ɓata muku rana ke da ƙawayenki shi ne an miƙa wa kowa menu ya zaɓi nasa. Wannan karon ki ɗauki abin kamar girkin biki. Mutum ɗaya ke yanke abin da za a dafa, kuma ana gama magana kwana biyu ko uku kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki fara fahimtar yadda kicin ɗinsu yake, don daga nan duk sauran shawarar ta fito. Yawancin abincin ana yin sa ne a wok, wani kasko mai zurfi da ake ɗorawa a kan wuta mai tsananin ƙarfi. Kwano ɗaya minti uku zuwa biyar ne ya nuna, amma kaskon ba ya ɗaukar fiye da kwano ɗaya ko biyu a lokaci guda. In aka cika shi, zafinsa ya faɗi, nama ya saki ruwa, suya ta koma dahuwa. Ba kamar tukunyar miyarmu ba ce da za a ɗora sau ɗaya a zuba wa mutum 50. Saboda haka in mutum 22 suka nemi abinci iri 22, kuku zai yi ta yi ɗaya bayan ɗaya yana ɗauraye kasko a tsakani, ga kuma sauran masu cin abinci da ke jira. Ƙari a kan haka, gidan da ya haɗa girkin ƙasashe da yawa yana da ɓangarori: mai wok daban, mai sushi (shinkafar Japan da ake haɗawa da kifi, sau da yawa ɗanye) daban, mai gashi daban, mai suya a mai daban, kowa da saurinsa. Kuma ba a ajiye abin da ya nuna a jira sauran, domin taliya tana cuɗewa, soyayye yana yin laushi. Shi ya sa na farko ke side kwano kafin na ƙarshe ya ga nasa. In kuwa iri shida ko bakwai ne aka sanar da su tun da wuri, za su yanka komai su jera, kwanukan su riƙa fitowa a jere, kuma tun da na kowa ne, duk wanda ya sauka a teburi kowa ya fara ci.

To ki je da ƙafarki, kada ki tsaya a waya. Ki je tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma, lokacin da wurin ya lafa, ki nemi manaja, in da hali a kira miki babban kuku. Sabis ɗin da ke kai abinci sau da yawa bai san abin da ke cikin miya ba, kuma don ya faranta miki zai ce komai lafiya.

Maganar Baba ita ce ta farko, kuma yana da gaskiya. Tambayar "abincinku halal ne?" ba ta isa ba, domin mai amsawa yakan ɗauka naman kawai kike nufi. Ki rarraba tambayar. Ana dafa alade a kicin ɗin ko ba a yi sam? Wasu gidajen ba sa shigo da shi, wasu suna yi. In ana yi, kasko da man suya da katakon yanka ɗaya ne, ko an ware? Ra'ayinmu a nan a fili yake: in akwai alade kuma kasko da mai ɗaya ne, wannan shi ne dalilin da ya isa ki canza wuri, ki yi wa ƙanin naki bayani, ki nemi wani gida mai irin abincin. Sannan wa ke yanka musu kaji da shanu, agwagwa kuma daga ina take zuwa?

Alade yana ɓuya a inda sunan abinci bai nuna ba. Char siu gasasshen alade ne, kuma ana yayyanka shi ƙanana a cikin soyayyiyar shinkafar da ake kira Yangzhou ko "ta musamman". Tonkotsu romon ƙashin alade ne da ake zuba wa taliyar ramen, ko da naman da ke sama na kaza ne. Ƙullin fulawa mai nama a ciki, wato dumplin ko gyoza ko wonton, a asalinsa alade ake sawa, har wanda aka ce na jatan lande ne akan haɗa masa kitsen alade don ya yi taushi. Yajin XO kuma akwai busasshiyar cinyar alade a haɗinsa.

Giya ta fi alade ɓuya. Girkin Sin yana amfani da giyar shinkafa ta Shaoxing wajen jiƙa nama da kuma ɗan zubawa a gefen kasko lokacin suya. Girkin Japan yana da nasa giyoyin shinkafar, sake da mirin. Mirin na ainihi barasarsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, kuma shi ne ƙashin bayan miyar teriyaki, ana kuma samun sa a miyoyin tsoma abinci da wani lokaci a shinkafar sushi. Za a ce miki ai wuta tana ƙone ta. Ba duka ba. Gwajin da aka yi wa Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na barasar na nan, sai an kai awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5. Suyar wok kuwa minti kaɗan ce. Abin sauƙin shi ne wanda ake zubawa lokacin suya ana iya barin sa in kin faɗa da wuri. Wanda ba ya ciruwa shi ne na miyar da aka haɗa tun safe da naman da aka jiƙa tun jiya, kuma wannan wani dalili ne na sanar da su kwana biyu kafin ranar, don su jiƙa naku daban. Shi soya sos da aka tsima yana ɗauke da ɗan burbushin barasa da ke fitowa daga tsimin kansa. Akwai masu tambarin halal a jikin kwalba, ki ce a nuna miki wadda suke amfani da ita. Game da kayan ruwa, jatan lande da ƙaguwa da makamantansu, mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ta halatta abin da ke cikin teku, sai dai ƙyama ta ɗabi'a, kuma ita ma a girmama ta.

Duk abin da aka amsa miki, ki tura wa manajan a rubuce ta WhatsApp ya tabbatar, sannan ki karanta wa Baba. Ki kuma gabatar masa da abincin da sunayen da ya sani, don da yawansu ba baƙi ba ne. Tofu awara ce. Sate tsire ne, har da gyaɗarsa, sai dai tasu miya ce ake tsomawa ba ƙuli ba. Tsamin pad thai, wato soyayyiyar taliyar Tailan, na tsamiya ne. Citta, tafarnuwa, riɗi, madarar kwakwa da ciyawar lemon da muke sa wa shayi su ne ginshiƙin ƙamshin. Miso da baƙin waken da ake sa wa naman shanu 'yan'uwan daddawa ne. Har yajin Sichuan mai sa harshe ya yi zir-zir kamar ya mutu, dangi ɗaya suke da fasa ƙwarin da ake dakawa a yajinmu. Dattijon da aka ce wa "soyayyiyar kaza ce da citta da albasa" zai miƙa hannu. Wanda aka karanta wa sunan da ke menu zai ce ya ƙoshi.

Sai maganar ɗanki, wadda ta fi kowace nauyi, domin ta rai ce. Kicin irin wannan yana daga cikin wurare mafi haɗari ga mai matsalar gyaɗa. Ana barbaɗa ta a pad thai, ita ce miyar sate, tana cikin kazar kung pao da miyar massaman, kuma a ƙasarmu man gyaɗa na iya zama shi ne man suyar gaba ɗaya. Ko an ce ba a sa a nasa ba, kaskon da ludayin su ne aka yi na wani da su minti biyu da suka wuce, ɗauraya ce kawai aka yi ba wanki ba. In ɗan ƙaiƙayi ne kawai yake yi masa, farar shinkafa da kazar da aka dafa a tukunya mai tsabta za su wadatar, a kawo nasa da farko a kwano daban. In kuwa ya taɓa kumburin leɓe ko fuska, ko numfashinsa ya taɓa sarƙewa, ki taho masa da abincinsa daga gida, ki gaya wa manaja dalili tun ranar da kika je. Ki cire duk abinci mai gyaɗa daga teburin da zai zauna, saboda cokalin ɗiba yana yawo daga kwano zuwa kwano, yara kuma suna ba juna. Ki riƙe maganin da likitansa ya rubuta, ki san asibiti mafi kusa da wurin. In kika ga kumburin baki, shaƙewar murya, amai ko numfashi da ƙyar, allurar adrenalin ce maganinsa in an ba ku ita, sannan asibiti nan take. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta tsayar da wannan.

Matar Yaya ta bar ɗanyen kifi, wato sashimi da sushi mai ɗanyen kifi, da ƙwan da bai dahu sosai ba da ake ɗorawa a kan taliya ko shinkafa, da ɗanyen tsiron wake.  Goggo kuma ba shinkafa kaɗai za ta kula da ita ba: miyar zaƙi da tsami, teriyaki, da jan yajin zaƙi na Tailan sukari ne sosai, ga sitacin masara da ake kaurara su da shi. Kifi da aka turara da citta, gasasshiyar kaza da ganye su suka dace da ita. Abu ɗaya da ake mantawa: in maganinta irin wanda ake sha ko a yi allura gab da cin abinci ne, kada ta sha a gida ta taho, domin in abinci ya yi jinkirin awa guda sukarinta zai iya faɗuwa. Ta jira sai kwano ya sauka, bisa yadda likitanta ya tsara mata. Baba kuwa gishiri ne abokin gabarsa. Babban cokali ɗaya na soya sos yana da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce miligiram 2,000 a yini. Ki ce a rage sos a kwanukan teburinsa, a kawo sauran a gefe, kuma ya ci da farar shinkafa maimakon soyayya, wadda ita ma da sos ake yin ta. Romo ne ya fi tara gishiri, ya ɗan taɓa kawai.

Yanzu lissafin abinci. Ki ƙirga yaro a matsayin rabin babba, sai ya zama kina ciyar da kusan baki 20 ke nan. Ki raba su teburi biyu, kowane teburi a kawo masa komai nasa. Dogon teburi guda mai mutum 22 yana da kyau a hoto, amma kwanon da aka ajiye a wannan kai ba ya isa wancan kai da komai a cikinsa. In suna da zagayayyen teburi mai faifan gilashi da ke juyawa a tsakiya, shi ne ya fi, yana ɗaukar mutum 10 zuwa 12.

Abin taɓawa kafin babban abinci iri uku ya isa, a ƙirga da ɗaiɗai ba da faranti ba: sifirin rol biyu ga kowa, tsinken sate biyu ko fukafukin kaza biyu, sai wani abu guda kamar soyayyiyar awara. Ki tambayi guda nawa ne a faranti, don wani huɗu ne wani shida, in ba ki ƙirga ba faranti zai ƙare kafin ya zagayo. Teburin da ɗanki yake a ba su fukafuki, sate ya tsaya a ɗayan. Ki ce a ajiye waɗannan da zarar rabin mutane sun zauna.

Babban abinci kuma, ga teburin mutum 10, kwano takwas ne na nama da ganye, ban da shinkafa da taliya. Kada su zama iri takwas. Ki ɗauki iri shida, ki ninka biyun da kika san za a fi wawaso: kaza kwano biyu, naman shanu kwano biyu, kifi ɗaya, jatan lande ɗaya, miyar kori mai kwakwa ɗaya, ganye ɗaya. Ki bambanta su ta hanyar dahuwa, ɗaya soyayye, ɗaya gasasshe, ɗaya turarre, ɗaya mai romo. In ba haka ba za ki ga kwano huɗu duk launin ƙasa, duk ɗanɗano ɗaya, saboda tushen miyarsu ɗaya ne. Mai zaƙi kada ya wuce ɗaya, ki bar wa yara da matasa, don manyanmu ba su saba jin sukari a nama ba. Yaji kuma a yi shi matsakaici, a kawo man barkono a gefe. In kina so ki sako ɗan yajin gida a jaka saboda Baba da Goggo. Miyar kori tana da amfani na musamman: yawancin abincin wok ba shi da ruwa sosai, mu kuma mun saba jiƙa shinkafa da miya, in babu mai romo sai ka ji ana cewa abincin ya bushe.

Shinkafa ce inda lissafinsu da namu ya saɓa. Su ƙaramin kwano suke ba mutum, naman da ganye su ne abincin. Mu kuwa shinkafar ce abincin. Ki sa faranti biyar a kowane teburi, uku soyayya biyu fara, da taliya faranti biyu, ki kuma ce su tanadi ƙari. Ƙarin shinkafa shi ne mafi arha kuma mafi saurin fitowa, don haka gara ta ƙare a ƙaro da a ce nama ne ya ƙare. Ki gaya wa su Mama tun a gida cewa farar shinkafarsu mai ɗan danƙo ce, haka irinta yake, ba caɓewa ta yi ba. Sushi kuwa faranti ɗaya na dafaffe ya isa, a teburin matasa, don ɗanɗano. Ki ja kunnen kowa game da ɗan koren abin da ke gefensa mai kama da markaɗaɗɗiyar fiya: wasabi ne, zafinsa hanci yake hawa, ɗigo ake lakata.

Kafin ki kulle jerin, ki sayi kwano biyu ko uku daga ciki ki kai gida, Baba da Mama su ɗanɗana. Da wannan ɗan kuɗin kin ga girman kwanonsu da idonki, kin kuma ji ra'ayin waɗanda suka fi wuyar gamsarwa.

Zancen maigidanki da Baba, teburi biyun nan sun warware shi. Kada ki tilasta masa zama kusa da surukinsa don a ce an waye. Zai tashi da yunwa ne kawai. Baba, Mama, Goggo, Yaya da mai walima a teburi ɗaya, maigidanki da sauran matasa a ɗayan, a ba shi kujerar da ba ta fuskantar Baba. Ya je ya gaishe su kafin a fara da bayan an gama. Ke kuma ki zauna kusa da ɗanki, a kujerar da ke kusa da hanyar sabis. Ki nemi ɗaki na daban in suna da shi, musamman in gidan yana sayar da giya ko yana sa kiɗa, ko kuma akwai mai niƙabi a cikinku. Ki tambaya ko ɗakin yana da kuɗinsa, ko akwai mafi ƙarancin abin da dole a kashe kafin a ba da shi. Ki duba matakala saboda gwiwar Goggo, ki duba wurin alwala da salla. Ki ce a jera cokali da cokali mai yatsu a gaban kowa tun farko, da cokalin ɗiba a kowane kwano. Tsinkayen cin abinci wanda ya so ya nema. Mai gwadawa dai kada ya soke su a tsaye cikin shinkafa, a al'adar Sin da Japan hakan yana kama da abin da ake yi wa mamaci.

Lokaci kuma, muna ba ki shawara kada ki sa walimar a ranar rantsuwar. Ba ki da iko da lokacin tashi daga taron, ga hotuna, ga cunkoso, kuma ɗaruruwan iyalai ne za su fito neman wurin cin abinci a yini guda. Washegari da ƙarfe 2 na rana, bayan Azahar, ya fi: kicin ya fara lafawa, ku gama kafin La'asar ta yi nisa. Ki tabbatar dai ba sa rufe kicin tsakanin rana da dare, don wasu suna yi. In dole sai dare, ki sa bayan Isha'i ko a yi Magariba a wurin kafin a zauna. Magariba a Abuja tana faɗawa ne tsakanin shida da 'yan mintuna zuwa kusan bakwai gwargwadon lokacin shekara, kuma in abinci ya sauka daidai kiran salla, za a dawo a tarar da taliya ta daskare. Ki faɗa wa dangi lokacin da ya riga na gaskiya da minti 30, sannan ki yi yarjejeniya da kicin cewa ba za su ɗora babban abinci ba sai kin ba da izini.

Saura kuɗi. Farashin da ke menu sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, wanda haka yake tun Fabrairun 2020, ga kuɗin hidima da gidaje da yawa ke ƙarawa, musamman ga taro. A misali, a ce abincin ya kama naira 500,000, hidima kuma kashi 10 ce. Hidima 50,000, haraji 37,500, jimla 587,500. In kuma sun ɗora harajin bayan sun haɗa hidimar, ya zama 591,250. Kusan naira 90,000 ke nan da ba ki gani a menu ba. Saboda haka ki ce a rubuto miki jimla ta ƙarshe da komai a ciki kafin ki ba da kafin alƙalami, a kuma rubuta sharaɗin mayar da shi da ranar ƙarshe ta canza adadin mutane.

Amma babbar ɓarakar abin sha ce. Sabis zai zagaya yana tambayar kowa me zai sha, matasa su nemi haɗin lemo mai tsada kofi bibbiyu, a yi ta buɗe manyan kwalaben ruwa ba wanda ya ƙirga. Ki ƙayyade tun farko: ruwa kwalba kaza, lemo ɗaya ga kowa ko jug biyu a teburi, sai shayi a ƙarshe. Ki gaya wa manaja a gaban sabis ɗin da zai kula da ku cewa ba a ƙara komai sai da bakinki, kuma kada a raba menu. Wanda ya nemi wani abu a ce masa za a tambayi Hajiya. In za ku zo da kek, ki tambaya ko suna cajin yankawa. Kek ɗin zai ma hutar da ke sayen kayan zaƙi.

Ki kuma san danginki. An ce 22, amma wani zai zo da aboki, wata da 'yar riƙo, ga direba a waje. Ki tanadi kujera 25, ki ware kashi 15 na kuɗin a gefe, ki sa a ɗaure wa direbobi nasu a roba tun farko. Ki sanar da kowa a fili cewa ke da Yaya ne masu gayya, don kada wani ya ƙi ci yana tsoron lissafi. Yaya ya turo miki kasonsa kafin ranar, mutum ɗaya ya biya. Ki duba iyakar abin da katinki da manhajar bankinki ke iya fitarwa a yini, ki riƙe kati na biyu saboda matsalar netwok. Idan an kusa gamawa ki tashi ki je kanta ki karɓi takardar a can, kada a kawo ta gaban Baba. Ki bi ta layi-layi da jerin da ke wayarki, ki fi sa ido a kan adadin ruwa da lemo da ƙarin shinkafa, nan ne kuskure ya fi faruwa. In sabis ɗin ya kyautata, ki damƙa masa ɗan ihsani a hannunsa.

Abin da ya rage a sa a robobi, amma a ware. Sushi da duk wani ɗanyen abu a bar shi a nan. Shinkafa da taliya su shiga firji cikin awa biyu da saukarsu daga wuta, ba daga lokacin da kuka isa gida ba, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta hayayyafa a shinkafar da ta jima a ɗumi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin da ta bari. In walimar ta ja har ta wuce awa biyun nan, ko babu tabbacin wuta a gida, a raba wa masu ci a take. Wadda ta samu firji a ɗumama ta sau ɗaya tak, har sai ta yi tururi ciki da waje, a cinye washegari. Robar da za ta shiga gidanki kuma ki tabbatar ba daga teburin da aka ci sate ta fito ba. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa a yi taro a tashi lafiya.